Me ya sa matuƙin jirgin haya yake ƙin shiga gajimare?

A filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, ba baƙon abu ba ne a ga jirgin Legas mai fasinja sama da ɗari ya ɗaga cikin hazo, alhali ƙaramin jirgin haya ko mai saukar ungulu da wani attajiri ya biya kuɗinsa yana nan a ƙasa, matuƙi ya ce sai gari ya washe. Mai kuɗi ya yi ta faɗa, yana ganin tsoro ne ko raini. Sau da yawa doka ce ta ɗaure matuƙin, kuma dokar tana da hujja.

Tuƙin jirgi iri biyu ne. Akwai tuƙi da ido, wanda matuƙa ke kira VFR: mutum yana ganin ƙasa da inda ta haɗu da sama, da su yake daidaita jirginsa. A ƙa'idar hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, wannan yana buƙatar a iya hangen kilomita 5 a yawancin sararin da ke ƙasa da ƙafa 10,000, a kuma nisanci gajimare. Sai tuƙi da na'ura, wato IFR, inda matuƙi ke kafa ido a kan allon gabansa, jami'an hasumiya na yi masa jagora ta rediyo.

Lasisin tuƙin haya kaɗai bai ba mutum damar yin na biyun ba. Wannan lasisi ana samunsa bayan kimanin awa 200 a sama, na kyaftin ɗin manyan jirage kuwa sai an cika awa 1,500. Shiga gajimare shaida ce ta daban da ake ƙara wa lasisi bayan horo na musamman, irin wanda ake bayarwa a Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, kuma ana sake jarraba matuƙi lokaci-lokaci. Ko yana da shaidar ma, sai jirgin yana da na'urorin da suka dace, sai kuma takardar kamfanin ta amince da irin wannan tafiya. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, magana ta ƙare.

Dalilin tsananin yana cikin jikin ɗan Adam. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko mutum ya karkata. Da zarar jirgi ya kutsa cikin gajimare, taga ta koma fari fat kamar an shafa mata alli, kunne ne kaɗai ya rage. Idan jirgin ya karkata a hankali ya ɗan jima a haka, ruwan nan sai ya lafa, jiki ya ce komai daidai. Matuƙi ya duba allo ya ga ya karkace, ya gyara, sai jikinsa ya rantse masa cewa yanzu ne ya karkace zuwa ɗaya ɓangaren. Wanda bai horu da ƙaryata jikinsa ba zai mayar da jirgin cikin karkatar, hanci ya sunkuya, gudu ya ƙaru, shi kuwa yana jin kamar sama yake yi. Yawan shekaru a bakin aiki ba ya maganin wannan.

Abin da masu binciken Amurka suka gano ke nan game da jirgi mai saukar ungulu da ya faɗi a jihar Kalifoniya ranar 9 ga Fabrairun 2024, ya hallaka Herbert Wigwe na bankin Access da matarsa da ɗansa da Abimbola Ogunbanjo da matuƙa biyu. Tafiyar ido ce cikin dare, aka ci gaba da ita har cikin yanayin da ido ba ya aiki. A hatsarin da ya hallaka ɗan wasan ƙwallon kwando Kobe Bryant a 2020 kuwa, matuƙin yana da shaidar tuƙi da na'ura, amma kamfaninsa izinin tuƙin ido kawai gare shi.

Abuja tana da nata tarkon. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu takan rage gani ƙwarai. Da damina hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci, ga duwatsu irin su Zuma da Aso da tuddan da suka kewaye birnin, waɗanda mai tafiya ƙasa-ƙasa don kauce wa gajimare zai iya cin karo da su. Shaidar na'ura ma tana da iyaka, domin ba ta sa a ratsa hadari mai tsawa. Ranar 29 ga Oktoban 2006 jirgin ADC mai zuwa Sakkwato ya tashi daga wannan fili cikin mummunan yanayi, iska mai sauya alkibla ba zato ta kayar da shi, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu.

Abin da ya fi damuna shi ne jiragen ƙashin kai da ake ba da hayarsu a ɓoye. A 2024 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta dakatar da izinin wasu masu irin waɗannan jirage saboda ɗaukar fasinja don kuɗi ba tare da takardar kasuwanci ba, wadda ita ce ke tilasta tsauraran sharuɗɗan horo da gyara. Kafin ka biya kuɗin haya, ka nemi ganin takardar kasuwancin kamfanin, wato AOC, ka tambaya ko jirgin da matuƙansa an yarje musu tuƙi da na'ura, ka ji abin da rahoton hukumar hasashen yanayi ta NiMet ya ce game da hanyar. In kyaftin ya ce a jira, doka ta ba shi kalmar ƙarshe a kan jirginsa, ko da gwamna ne a kujerar baya.