Ismaila Mabo: Ɗan Bayan Jos Da Ya Jagoranci Super Falcons

Idan yaronku ya dawo daga filin ƙwallo a Nahuce yana ƙorafin an mayar da shi baya, ku ba shi labarin Ismaila Mabo. Haifaffen Jos ne, mai tsaron baya a Mighty Jets, ƙungiyar da ta lashe gasar lig ta farko ta ƙasa a 1972. Mai zura ƙwallo ake yi wa tafi, amma ɗan baya ne ke ganin fili gaba ɗaya. Da wannan ido Mabo ya koma horarwa, ya kai Super Falcons kwata-fainal a gasar kofin duniya ta 1999 a Amurka. Brazil ta zura musu uku, 'yan matansa suka farke duka, sai a ƙarin lokaci aka fitar da su da ci 4-3. Ya rasu a watan Maris na 2023.