Amsoshin Takardunku: Tarkon Ɓeran Ruwa Kusa da Gida

Wani mai sauraronmu daga Haɗeja ya tambaya: yaya ake kama ɓeran ruwa na Amurka kusa da gidaje?

To malam, wannan ɓera, maskirat, girmansa kamar gafiya. A 1905 aka kai shi Turai. Yana haƙa rami a gaɓar ruwa har ya raunana madatsai, shi ya sa ƙasar Holan ta ɗauki ma'aikata musamman don kama shi.

Kusa da gida, kejin waya ake ɗanawa da karas a ciki, ba tarko mai damƙe ƙafa ba, saboda yara da karnuka. A duba shi kowace safiya, a sa safar hannu, domin ɓeran yakan ɗauko cuta.

Kai ma in gafiya ta addabi rumbunka, haka za ka yi. Kada ka zuba guba, kajinka ne za su fara ci. Da fatan ka gamsu.