Shekara nawa ake yi kafin a ƙware a shaɗaranji?

'Yan'uwa ɗalibai, shaɗaranji, wanda 'yan boko a nan Garwa suke kira eshek, ba baƙo ba ne a tarihinmu. Tun zamanin Abbasiyawa As-Suli ya shahara da shi a Bagadaza. Yau ana auna gwaninta da maki, bisa lissafin Arpad Elo wanda hukumar FIDE ta karɓa a 1970. Wanda ya fi ka da maki 200, a wasa huɗu zai kwashe kusan uku.

Matsakaicin gwani yana wajen 1800. A ganinmu, mai ba shi awa ɗaya kullum sai ya yi shekara uku ko fiye. Tafiyar doki da giwa kam, mako guda ya isa. Wahalar tana gaba: ka koma kan wasan da aka cinye ka, ka gano inda ka kuskure, kamar muraja'ar hadda. Wasan minti uku a waya kuwa, ko dubu ka buga, ba ka matsawa sosai.

Sai dai malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kansa, Shafi'iyya suka ce makaruhi ne in babu caca ko sakaci da salla. Kafin ka sayi allon, tambayi Malam.