Kofin Shayi a Al Asmakh da Akushin Tsofaffinmu

Ina rubuto muku daga Al Asmakh, wata tsohuwar unguwa a tsakiyar Doha ta ƙasar Katar, ba nisa da kasuwar Suk Wakif. In magariba ta yi sai ka ga ma'aikata sun yi dafifi a bakin shagunan shayi, har da 'yan'uwanmu, kowa riƙe da kofin karak, wato shayi mai madara wanda aka danƙara wa sukari. Ni ma ba na ɓoyewa, na daɗe cikinsu.

Masu ƙasar nan sun riga mu ganin inda wannan hanya take kai mutum. Kakanninsu masu nitso ne cikin teku neman lu'ulu'u, abincinsu kifi da shinkafa da dabino, wani lokaci ma bai isa ba. A 1949 aka fara fitar da man fetur, wadata ta sauko, zaƙi da maiƙo suka yawaita, mota ta hana tafiya a ƙasa. Da hukuma ta bincika a 2012, sai aka tarar wajen mutum 17 cikin 100 na manyan 'yan ƙasa suna da ciwon sukari. A 2019 har haraji aka ɗora wa lemon kwalba, rabin kuɗinsa, don a rage sha.

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wannan zaƙi muna aika shi gida. Mukan tura kuɗi mu ce a kula da tsoho, sai a sayo sukari da madarar gwangwani da burodi da lemo, a ga an girmama shi. Na gani da idona a gidanmu a Kumasi. Kawuna ya haura shekara 70, haƙora sun zube, sai aka mai da shi koko da safe, shayi da burodi da dare. Ciki cike, amma cinyoyi sun tsotse, ba ya iya tashi daga buzu sai an kama shi. Mutanen gida suka ce, "Malam, ai tsufa ne." I, tsufa ne, amma da yunwa a ciki.

Ga yadda abin yake. Kowane almajiri ya san koyarwar raba ciki uku, kuma mu 'yan shekara 40 masu tumbi ta fi kamawa. Shi tsoho nasa ciwon dabam. Naman jikinsa yana raguwa kowace shekara, marmarin abinci ya ja baya, ƙishirwa ma ba ya jinta sosai ko jikin ya bushe. Ɗan abin da zai ci, tilas ya zama mai gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin. Sun ƙiyasta tsoho mai nauyin kilo 60 yana bukatar giram 60 zuwa 70 a wuni, alhali ƙwai guda giram 6 kaɗai ke cikinsa. Ku duba nawa zai samu a kofin shayi! In ƙafa ta yi rauni sai faɗuwa, in ƙugu ya karye kuwa da yawa ba su sake miƙewa.

Maganin yana cikin tukunyarmu tun da. A dafa wake ya yi luguf, a marmasa ƙosai cikin koko, a cire ƙayar kifi a dama shi a miyar kuka ko ayoyo, a ba shi nono da ƙwai. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a wuni, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafi. A ƙara daddawa a rage shi. Mai ciwon ƙoda dai sai ya tambayi likita kafin a ƙara masa nama.

Sa'an nan kada a kai masa akushi ɗaki a juyo. Na lura Kawu in shi kaɗai ne loma uku yake yi ya ture, in jika ya zauna suna ci yana masa surutu sai ka ga kwano ya yi ƙasa.

Yanzu in na aika kuɗi nakan gaya wa ƙanwata abin da za a saya da suna: wake, kifi, ƙwai. Ni kuma na mai da karak ɗina kofi guda, bayan sallar asuba.