Katin Sauti: Na Cikin Kwamfuta ko Na Musamman?

A ce ka tara waƙoƙi a kwamfuta, kana son ka saurare su ta manyan lasifikoki na gida. Sai mai shago ya ce maka lallai ka sayi katin sauti na musamman. Kafin ka fitar da kuɗinka, ya kamata ka san aikin wannan kati.

Kwamfuta ba ta ajiye sauti yadda kunne yake jin sa, lambobi take ajiyewa. A faifan CD, alal misali, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a rubuta kowane awo da lamba. Ita kuwa lasifika ba ta aiki da lamba, sai da lantarki mai hawa da sauka. Saboda haka dole a sami abin da zai juya lambobin su zama irin wannan lantarki. Babban aikin katin sauti ke nan.

Yawancin kwamfutoci suna zuwa da nasu katin, manne a jikin babban allonsu. Yana zaune kusa da sauran kayan lantarki, don haka wani lokaci hayaniyarsu takan shiga cikin sautin. Katin musamman mai kyau ya fi samun kariya daga wannan hayaniya.

To, a ina za a juya lambobin? Idan ka haɗa kwamfuta da amfilifaya ta ramin abin sawa a kunne, katin ne zai juya su, kuma ingancinsa zai iya bayyana a kunnenka. Amma idan na'urorin biyu suna da ramin S/PDIF, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi, lambobin za su fita yadda suke, amfilifaya ta juya su da kanta. A nan katin ɗan aike ne kawai, kuma wasiƙar da ya kai ba ta canzawa don ɗan aiken mai tsada ne. Idan ma wayar haske ce ta haɗa su, hayaniyar lantarki ba ta bin ta.

Saboda haka ka fara duba bayan kwamfutarka da bayan amfilifayarka. Idan duka biyu suna da wannan rami, waya kawai kake bukata. In kwamfutar ba ta da shi, sannan ne sayen kati zai yi maka amfani.

Tambayoyi
1. Mene ne babban aikin katin sauti?
2. Me ya sa aka kira katin ɗan aike?
3. Yaushe ne sayen katin musamman yake da amfani?