Wasan Bin Kiɗa a Kwamfuta: Yadda Yake da Abin da Yake Koyarwa

A Zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, iyaye kan ga yaro ya ƙura wa kwamfuta ido yana dukan maɓallai huɗu babu numfasawa, su ce shiririta ce kawai. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ke gudana.

Irin wannan wasa ya yi tashe tun 1998, lokacin da kamfanin Konami na Japan ya fitar da Dance Dance Revolution, wanda ake taka kibiyoyi da ƙafa. Na yanzu, irin su Friday Night Funkin' da ya fito a 2020 a shafin Newgrounds, ba sa buƙatar wata na'ura mai tsada. Ka buɗe burauza, kiɗa ya tashi, kibiyoyi su riƙa hawowa: hagu, ƙasa, sama, dama. Aikinka ka danna kowace daidai lokacin da ta iso gurbinta.

Sirrin yana cikin lissafin lokaci. Waƙar da ke da bugu 120 a minti ɗaya, tsakanin bugu da bugu rabin daƙiƙa ne. In aka raba kowane bugu gida huɗu, yatsa zai motsa sau takwas a daƙiƙa guda. Kwamfuta ta riga ta san lokacin kowace kibiya, sai ta auna tazarar da ke tsakaninsa da dannawarka. Ka dace, maki ya ƙaru. Ka yi ta kuskure, wasa ya ƙare, ka koma farko. Shi ya sa abin kunne na Bluetooth kan cuci mai wasa, don sauti yana ɗan makara kafin ya iso kunne. Mai igiya ya fi.

Wahalar nan ita ce malamar. Ɗan koyon kalangu ba da dogon bayani yake ƙwarewa ba. Yana bugawa, maigidansa na gyara masa nan take, har hannu ya riga tunani. Haka wasan yake nuna kuskure a take, ba sai gobe ba. Da farko yaro yana bin kibiya ɗai-ɗai da ido, daga baya ya fara ganin jerinsu a dunƙule, kunne kuma ya karɓi rabin aikin. Ya kuma koyi tsayawa kan gurbin da ya gagare shi, ya maimaita har ya wuce. Wannan naci nake so, domin shi ake nema a hadda da lissafi.

Sai dai wasan ba ya mayar da kowa makaɗi. Bin kiɗan wani yake koyarwa, ba ƙirƙira ba, kuma dogon zama a kansa na gajiyar da wuyan hannu da ido.

Iyaye, ku zauna kusa da yaron ku kalli zagaye ɗaya, sannan ku yanka masa lokacin da ba zai ci na salla da makaranta ba.