Tsufan Na'urar Rarraba Intanet: Nazari Daga Ƙasar Bagauda

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da ake nufi idan aka ce kamfani ya janye hannunsa daga tsohuwar na'urar rarraba intanet, watau ɗan akwatin nan mai ƙahoni da 'yan birni ke kira rauta. Za a duba dalilin yin haka, da irin haɗarin da ke biyo baya, tare da ɗaukar misalai daga ƙasar Bagauda da Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Aikin Na'urar

Duk wanda ya san madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala cikin 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ya san ruwanta ba ya isa gonakin Kadawa sai ta magudanai masu ƙofofi. Ƙofar ita ke raba ruwa, ta ba kowace gona rabonta. To, haka rauta take. Tana karɓar intanet daga turken kamfanin waya, sannan ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin da ke gida ko ofis. Har ila yau ita ce mai gadi, domin duk saƙon da zai shiga ko zai fita sai ya bi ta kanta. Ɗalibin Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bagauda, da mai shagon yi wa yara rajistar JAMB a Tudun Wada, da ma'aikacin sakatariya a Doguwa, kowannensu na iya dogara da irin wannan akwati ba tare da ya taɓa leƙa cikinsa ba.

A cikin akwatin akwai manhaja, watau jerin umarnin da ke sarrafa shi. Ɗan'adam ne ya rubuta ta, saboda haka ba ta rasa kurakurai. Duk lokacin da aka gano wata ɓaraka, kamfanin da ya ƙera na'urar yakan fito da sabon zubi na manhajar don toshe ta. Ranar da kamfani ya daina wannan ɗinki ita ce ranar da na'ura ta tsufa, ko da kuwa fitilunta na ci gaba da ƙyaftawa.

Dalilan Janye Hannu

Dalili na farko shi ne ƙarancin wuri. Kowace rauta tana da rumbun ajiya inda manhaja ke zaune, da kuma fagen aiki inda take motsawa. Manhaja kuwa kullum ƙara girma take yi, saboda sababbin hanyoyin tsaro. Alal misali, masana sun nuna raunin tsarin kulle na WEP tun 2001, aka kawo WPA2 cikin 2004, sa'an nan WPA3 cikin 2018. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna OpenWrt wadda 'yan sa-kai ke rubutawa, mutane kuma na ɗora ta kan tsofaffin na'urori don tsawaita ransu. Amma ita ma da ta fito da zubi na 21.02 cikin 2021, sai ta ɗaga mafi ƙarancin abin da take bukata zuwa rumbu mai megabait 8 da fagen aiki mai megabait 64. Ta haka aka bar na'urori masu 4 da 32 a baya.

Dalili na biyu shi ne kuɗi. Kamfani sau ɗaya yake cin ribar akwati, ranar da ya sayar, alhali kuwa albashin masu gyaran manhaja kowane wata ne. Dalili na uku kuma shi ne sauyin hanyar sadarwar kanta. Mutanen Kano ba su manta da Starcomms da Multi-Links da Visafone ba, waɗanda suka yi aiki da fasahar CDMA. Da waɗannan layuka suka ƙare, musamman bayan MTN ya sayi Visafone a farkon 2016, sai na'urorin shiga intanet da aka saya dominsu suka zama tarkace, ba don sun lalace ba.

A nan ne rauta ta sha bamban da injin ban-ruwa. Manomin rani yana iya tafiyar da tsohon inji shekara da shekaru, muddin makaniki na samun kayan gyara, in ma babu maƙeri ya ƙago. Kayan gyaran rauta kuwa manhaja ce, galibi kuma asirinta na hannun kamfani shi kaɗai.

Haɗarin Da Ke Ciki

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓarakar da ba a toshe ba tana nan har abada, kuma miyagu sun san ta, domin ana shelanta kurakuran a fili. Wanda ya mallake rauta yana iya karkatar da mai ita zuwa shafin banki na jabu, ko ya fake da ita ya aikata laifi, sawu ya nuna gidan wanda bai ji ba bai gani ba.

Cikin 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban daruruwan na'urori, akasari ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. Aka haɗa su suka zama runduna, aka auka wa kamfanin Lonestar na Laberiya, har intanet ta tsaya cik a sassan ƙasar cikin Nuwamba na shekarar. A wannan watan dai, rauta wajen 900,000 suka daina aiki a Jamus. Wata kotu a Landan ta ɗaure mutumin da ya kai wa Laberiya harin cikin Janairu 2019. Bugu da ƙari, cikin Mayu 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗin cewa ɓarayi na kame rautocin da aka daina gyarawa suna ba da hayarsu ga masu laifi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin ya fi shafar ƙasashe irin namu saboda kayan gwanjo. Akwatin da aka yar a Turai don wa'adinsa ya cika yana iya ɓullowa a kasuwa da araha, mai saye daga Kiru ya tafi da shi yana murna. Tsadar kayan waje tun faɗuwar darajar naira cikin 2023 ta ƙara sa mutane riƙe tsoho.

Mafita

Matakin farko shi ne duba lambar samfurin da ke ƙarƙashin akwati, a bincika a shafin kamfani ko har yanzu ana gyara shi, kuma a yi haka kafin a biya kuɗi. Na biyu, a sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita, a kuma rufe ƙofar sarrafa ta daga nesa. Na uku, idan wa'adi ya cika, a sauya ta, musamman a inda kuɗi ko takardun jama'a ke wucewa. Hukuma ma tana da rawar takawa. A Ingila, tun Afrilu 2024 doka ta tilasta wa masu ƙera irin waɗannan kaya su faɗi tsawon lokacin da za su riƙa gyara su. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda ke tantance na'urori kafin a sayar, tana iya duba wannan misali.

Kammalawa

An ga cewa rauta tana tsufa ne ranar da aka daina toshe ɓarakarta, kuma wannan tsufa ba ya nuna alama a jiki. Saboda haka makarantu da ofisoshi da masu shaguna na ƙasar Bagauda sun cancanci su rubuta wa'adin kowace na'ura a littafin kayan aiki, su kuma tanadi kuɗin sauya ta tun kafin ranar ta zo, kamar yadda manomi ke tanadin iri tun kafin saukar damina.